Rumbun bayanai na haya a gajimare: me ake saya, kuma wa ke da alhaki idan abu ya ɓaci?

A watan Maris na 2024, kamfanoni da dama da ke ajiye bayanansu a hannun Amazon Web Services sun tarar da sabon caji a takardar kuɗinsu, alhali ba su ƙara ko da faifai ɗaya ba. Dalili shi ne rumbunan bayanansu suna tafiya ne a kan siga ta 5.7 ta manhajar MySQL, sigar da masu ita suka daina kula da ita tun Oktoban 2023. A cikin watan ne kuma kamfanin Redis ya sauya lasisin manhajarsa, don hana manyan kamfanonin gajimare sayar da ita ba tare da sun biya shi ba. Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar 12 ga Satumba 2025, dokar bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, kuma daga cikin abubuwan da ta tanada har da sauƙaƙa wa abokin ciniki kwashe bayanansa daga wani kamfanin gajimare zuwa wani.

Labaran sun zo a warwatse, amma tushensu ɗaya ne. Duk sun shafi sana'ar da ta mayar da kafa rumbun bayanai aikin mintuna kaɗan. Tallan da ake yi wa sana'ar ya fi mayar da hankali kan waɗannan mintunan, yayin da rigingimun da ke tasowa kusan dukkansu sun shafi shekarun da ke biyo baya ne: sabuntawa, dawo da abin da ya ɓata, da kuma ranar da mutum ya so tashi.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Rumbun bayanai manhaja ce da ke adana bayanai a tsare, ta yadda za a iya nemo su, a gyara su, ko a goge su cikin gaggawa ba tare da sun rikice ba, ko da mutum dubu ne suke taɓa su a lokaci guda. Idan aka tura kuɗi daga wannan asusu zuwa wancan, rumbun ne ke tabbatar da cewa ko dai an cire a nan an ƙara a can, ko kuma ba a yi ko ɗaya ba. Babu rabin aiki. Mafi shahara su ne masu jera bayanai a teburi, tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970. MySQL, PostgreSQL, Oracle da SQL Server duk 'yan wannan gida ne. Akwai kuma masu bin wasu hanyoyin, irin su MongoDB da Redis.

Gajimare kuwa kwamfutocin wani kamfani ne da ke jibge a manyan cibiyoyi, ana ba da hayarsu ta intanet, ana caji da awa ko da daƙiƙa. A nan ne ruɗanin yake farawa, domin hanyoyi biyu ake bi wajen ajiye rumbu a gajimare. A ta farko, mutum yana hayar kwamfuta zalla, ya ɗora manhajar rumbun da kansa, ya ci gaba da kula da ita kamar tana ofishinsa. A ta biyu, rumbun kansa yake haya: kamfanin gajimare ne zai ɗora manhajar, ya riƙa toshe mata kafofin ɓarna, ya riƙa ɗaukar kwafin ko-ta-kwana, ya kuma tayar da wata kwamfutar idan wannan ta mutu. Wannan ta biyun ita ce ake nufi da rumbun haya, ko rumbu mai kulawa. Idan kuma aka ce “da zarar an buƙata”, ana nufin babu cike takarda, babu jiran amincewar wani ma'aikaci. Umarni ɗaya ya isa, ko da tsakar dare ne.

Yadda aka zo nan

Kafin gajimare, mai rubuta manhaja da ke son sabon rumbu a babban kamfani sai ya rubuta buƙata, a nemi amincewar sashen kuɗi, a yi odar kwamfuta, a jira ta iso, a kafa ta, sannan ƙwararren mai kula da rumbu ya zo ya daidaita. Makonni ake ɗauka, wani lokaci watanni. Kuma da yake babu wanda ke son sake bin wannan dogon layi, sai a sayi kwamfutar da ta ninka abin da ake buƙata, ta zauna tana shan lantarki a banza.

Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya da kwamfutoci a 2006. Nan da nan aka gane cewa hayar kwamfuta rabin matsalar kawai ta warware, don har yanzu sai an sami wanda zai tashi cikin dare idan faifai ya cika. A Oktoban 2009 kamfanin ya ƙaddamar da RDS, tsarinsa na ba da hayar rumbu, da MySQL kaɗai a farko, sannan ya ƙara Oracle a 2011, SQL Server a 2012, da PostgreSQL a 2013. Microsoft ya buɗe nasa a 2010, Google kuma ya sanar da Cloud SQL a 2011. Masu manhajojin su ma suka shigo kasuwa da kansu, kamar yadda MongoDB ya yi da Atlas a 2016.

Ba manyan kamfanonin haya kaɗai suka bi wannan hanya ba. Jami'o'i, bankuna da kamfanonin sadarwa masu gina gajimaren kansu sun so ma'aikatansu su sami irin wannan sauƙi. OpenStack, tsarin manhajojin gina gajimare wanda kamfanin Rackspace da hukumar NASA ta Amurka suka fara a 2010, ya haɗa wani sashe mai suna Trove a 2014 don wannan aiki. Daga baya Kubernetes, tsarin da ke rarraba manhajoji a kan kwamfutoci masu yawa, ya mamaye fagen, aka kuma riƙa rubuta masa ƙananan manhajoji da ke kwaikwayon aikin mai kula da rumbu, kamar CloudNativePG na PostgreSQL.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli

A gaban mai buƙata, tambayoyin ba su da yawa: wace manhaja, wace siga, ƙarfin kwamfuta nawa, girman faifai nawa, a wane yanki na duniya, kuma ana son kwamfuta ta biyu mai jiran ko-ta-kwana ko a'a. Wani yana amsa su ne a shafin intanet na kamfanin. Wani kuma, musamman a manyan ma'aikatu, yana rubuta su a fayil ya miƙa wa manhaja irin Terraform, don duk lokacin da aka sake kunna fayil ɗin a sami rumbu iri ɗaya sak.

Daga nan sai wani sashe na gajimaren, wanda aikinsa ba da umarni ne kawai, ya karɓi ragama. Zai fara duba ko mai buƙatar yana da izini, da ko bai wuce iyakar da aka yanka masa ba. Zai nemo kwamfutar da ke da sarari, ya yanko mata faifai, ya kulle faifan da makullin sirri, ya ɗora manhajar daga wani zubi da aka riga aka gwada. Zai haɗa rumbun da keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa ta mai hayar, ya ƙirƙiri sunan shiga da kalmar sirri, ya tsara lokacin ɗaukar kwafi, ya kuma dasa wata 'yar manhaja mai sa ido da za ta riƙa kai rahoton lafiyar rumbun. A ƙarshe sai a miƙa wa mai hayar adireshi. Sau da yawa, kafin ya gama rubuta saƙon sanar da abokan aikinsa, rumbun ya fara karɓar bayanai.

Adireshin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Suna ne, ba lambar wata kwamfuta takamaimai ba. Idan aka zaɓi tsarin kwamfuta biyu, duk abin da aka rubuta a ta farko ana rubuta shi nan take a ta biyu, wadda ke wani gini daban mai nasa lantarki. Ranar da ta farko ta mutu, sai a juya sunan ya koma nuna ta biyu. A RDS wannan juyi yakan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu. A cikin wannan ɗan lokaci duk wata hulɗa da rumbun tana yankewa, kuma manhajar da ba a koya mata sake ƙwanƙwasa ƙofa ba za ta tsaya cak, ko da rumbun ya riga ya dawo.

Kwafin ko-ta-kwana ma iri biyu ne a haɗe. Sau ɗaya a rana ana ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya. Bayan haka, kowane canji da aka yi ana rubuta shi a wani kundi da ake kwashewa a kai a kai. A ce da ƙarfe 2:14 na rana wani ma'aikaci ya ba da umarnin goge sunan abokin ciniki ɗaya, amma ya manta bai saka sharaɗin ba, sai teburin gaba ɗaya ya tafi. Ana iya ɗauko hoton daren jiya, a sake karanto kundin canje-canje a kansa, a tsaya a 2:13. RDS yana barin a koma baya har kwana 35, idan mai hayar ya zaɓi hakan. Sai dai abin da zai samu sabon rumbu ne mai sabon adireshi, ba tsohon ne zai warke ba. Kuma abin da abokan ciniki suka shigar bayan 2:14, shi ne zai san yadda zai tsinto shi ya haɗa. Kwamfuta ta biyu mai jiran ko-ta-kwana ba ta da amfani a nan, domin umarnin gogewar ya isa gare ta a daidai lokacin da ya isa ta farko.

Akwai kuma sabon salo, inda ba a ware wa mai haya kwamfuta ta dindindin. Rumbun yana kumbura idan aiki ya yi yawa, ya lafa idan ya ragu, a wasu dandamalin ma ya yi barci gaba ɗaya. Amazon ya buɗe Aurora Serverless a 2018, ƙananan kamfanoni irin Neon kuma suka gina kasuwancinsu kacokan a kan haka. Ribar ita ce ba a biyan kuɗin ƙarfin da ba a yi amfani da shi ba. Hasarar kuma, wanda ya fara ƙwanƙwasawa bayan barci sai ya ɗan jira, kuma takardar kuɗin wata ba ta da tabbas.

Iyakar aikin mai gajimare

Kamfanonin gajimare duka suna aiki da ƙa'idar raba alhaki. Misalin ya yi kama da gidan haya: mai gida ne ke gyara rufi da famfo, amma ba shi ne zai kulle maka ƙofar ɗaki ba, kuma ba ya biyan diyyar kayanka. Kamfanin ne ke da alhakin gini, lantarki, kwamfutoci da manhajar da ke ƙarƙashi. Mai haya ne ke da alhakin wa zai shiga, me aka ajiye, yadda aka tsara teburan, da irin tambayoyin da manhajarsa ke jefa wa rumbun. Tambaya ɗaya da aka rubuta da ganganci tana iya durƙusar da rumbu mafi tsada, kuma babu yarjejeniyar da ta rufe wannan.

Alkawarin da ke rubuce ma ya kamata a karanta shi da natsuwa. Na RDS mai kwamfuta biyu kashi 99.95 cikin 100 ne a wata, wato an yarda rumbun ya tsaya na kimanin minti 22 ba tare da an karya alkawari ba. Idan ya wuce haka, abin da ake bayarwa rangwame ne a kan kuɗin haya na gaba, ba biyan cinikin da aka rasa ba.

Masu goyon bayan haya suna da hujja mai ƙarfi, kuma abin da ya faru da GitLab, dandamalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ranar 31 ga Janairu 2017 yana cikin misalan da suka fi kawowa. Kamfanin yana kula da rumbunsa na PostgreSQL da kansa. Wani injiniya da ke ƙoƙarin gyara kwamfuta ta biyu cikin dare ya goge bayanan ta farko bisa kuskure, kimanin gigabait 300. Da aka juya wajen kwafin ajiya, sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki yadda ake zato, wasu ma sun daɗe da tsayawa babu wanda ya lura. An tsira ne da wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan, bayanan awannin shidan kuwa sun tafi. A farkon shekarar ne kuma ɓarayin intanet suka afka wa dubban rumbunan MongoDB da masu su suka kafa da kansu suka bar su a buɗe babu kalmar sirri, suka goge bayanan suna neman kuɗin fansa. Irin wannan sakaci ne tsarin haya yake ragewa, domin kwafi da kulle ƙofa suna zuwa a kunne tun farko a yawancin dandamali.

Masu ɗari-ɗari su ma ba su rasa abin nunawa ba. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu abokan cinikin da kwafinsu ke wuri guda da asalin bayanan sun rasa duka biyun. A Mayun 2024 kuma asusun fansho na UniSuper a Ostireliya, mai mambobi sama da rabin miliyan, ya wayi gari an goge keɓaɓɓen gajimarensa a Google Cloud. Bayanin da Google ya bayar ya shafi ainihin batun kafawa ta atomatik: lokacin da ma'aikatansa suke kafa tsarin, an bar wani gurbi babu komai, sai manhajar ta cike shi da wa'adin shekara ɗaya, da wa'adin ya cika kuma ta goge komai ba tare da gargaɗi ba. Mambobi sun shafe fiye da mako ba su iya duba asusunsu ba. Sanarwar haɗin gwiwa da ɓangarorin biyu suka fitar ta ce UniSuper yana da kwafi a hannun wani kamfani daban, kuma hakan ya rage asarar. Abin da aka goge ba rumbun haya ba ne shi kaɗai, tsari ne gaba ɗaya, amma injin da ke kafa rumbu cikin minti biyar irinsa ne, kuma da saurin da yake ginawa yake rushewa.

Lissafin kuɗi

Farashin da ke kan allo na kwamfutar ne kawai. Bayansa akwai kuɗin faifai, kuɗin ajiye kwafi idan ya wuce wani adadi, a wasu tsare-tsaren kuɗin kowane karatu da rubutu, sannan kuɗin fitar da bayanai zuwa intanet. Kwamfuta ta biyu tana ninka kuɗin haya kusan sau biyu. Faifai yana ƙaruwa da umarni ɗaya, amma rage shi yakan buƙaci a kwashe komai zuwa sabon rumbu. A RDS, ko an kashe rumbu don a rage kuɗi, bayan kwana bakwai zai tashi da kansa don kada a bar shi a baya wajen gyare-gyare, caji kuma ya ci gaba.

Cajin Maris 2024 ya fito da wani ɓangare da mutane da yawa ba su lissafa ba. Kowace siga ta manhaja tana da wa'adi. PostgreSQL, alal misali, shekara biyar yake kula da kowace babbar siga. Mai rumbu a kwamfutarsa yana iya yin kunnen uwar shegu ya ci gaba da tsohuwar siga, ya ɗauki kasadar. Mai haya ba shi da wannan zaɓi: ko ya sabunta, ko ya biya. Amazon ya sa santi 10 na dala a kowace awa kan kowane kai na injin sarrafawa (ma'aunin ƙarfin kwamfutar da aka yi haya) a yankunansa mafi araha, kuɗin kuma yana ninkawa a shekara ta uku. A shekara biyun farko, rumbu mai kai huɗu zai ci ƙarin kusan dala 290 a wata, idan yana da na biyu kuma kusan 580. A ganin kamfanin, kuɗin aikin toshe kafofin manhajar da masu ita suka yi watsi da ita ne. A ganin wasu abokan ciniki, tara ce da aka ɗora musu kai tsaye ba tare da sun nema ba. Sabunta babbar siga kuwa ba danna maɓalli ba ne, sai an gwada kowace manhaja da ke magana da rumbun.

Sauƙin kafawa shi kansa yana jawo ɓarnar kuɗi. Rumbunan gwaji da aka kafa aka manta da su suna nan suna cin kuɗi, wasu ɗauke da kwafin bayanan mutane na gaske.

Shin haya ta fi tsada? Ya danganta da girman mai tambaya. Ga mutum uku da ke fara sana'a, hayar wata ba ta kai ko kusa da albashin ƙwararren mai kula da rumbu ba. Ga babban kamfani mai aikin da ba ya hawa da sauka sosai, lissafin yana iya juyewa. Kamfanin 37signals, mai manhajar Basecamp, ya ce ya kashe kimanin dala miliyan 3.2 a gajimare a 2022, sannan ya sayi kwamfutocinsa ya fara ficewa. Masu sukar matakin suna tunatar da cewa kamfanin yana da ƙwararrun ma'aikata tun asali, abin da ba kowa ke da shi ba.

Rigimar lasisi

Yawancin rumbunan da ake haya an gina su ne a kan manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda kowa ke da damar ɗauka kyauta. Kamfanonin da ke rubuta wasu daga cikinsu sun ga manyan masu gajimare suna tara riba da guminsu, sai suka fara rufe ƙofa. MongoDB ya sauya lasisi a Oktoban 2018, Elastic a Janairun 2021, Redis a Maris 2024. Kowane lokaci martanin iri ɗaya ne ko kusa da haka: Amazon ya fito da DocumentDB, kishiyar MongoDB, a 2019, ya raba hanya da Elastic ya kafa OpenSearch a 2021, sannan a 2024 shi da Google da wasu suka mara wa Valkey, wanda aka ɓallo daga Redis, baya a ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation. Daga baya Elastic a 2024 da Redis a 2025 suka sake ƙara lasisi mai buɗaɗɗen tushe, amma an riga an rabu.

Masu manhajojin suna cewa ba za a ci gaba da shuka wani yana girbe ba. Masu gajimaren da wasu masu ba da gudummawar sa kai suna cewa lasisin farko ya halatta hakan ƙarara, kuma ba daidai ba ne a tara jama'a da sunan kyauta sannan a canza doka bayan an yi suna. Mai haya shi ne a tsakiya, da manhajoji biyu da suka fara daga tushe ɗaya suna ƙara nisa da juna. Wannan na cikin dalilan da suka ƙara wa PostgreSQL farin jini, domin babu kamfani ɗaya da ya mallake shi balle ya sauya masa lasisi rana tsaka.

Shiga da sauƙi, fita da wuya

Shigar da bayanai gajimare kyauta ne a yawancin wurare, fitar da su kuma da kuɗi. A farashin Amazon na kusan santi 9 kan kowane gigabait, fitar da terabait 10 zai ci kusan dala 900. Bayan dokar Turai ta tabbata a Janairun 2024, Google ya sanar da yafe wannan kuɗi ga mai barin dandamalinsa, Amazon da Microsoft suka biyo baya a Maris, kowa da nasa sharuɗɗan, kuma sai an nema.

Amma kuɗin fitarwa ba shi ne babban tarnaƙi ba. Wanda ke kan MySQL ko PostgreSQL na gama-gari yana iya kwashe kayansa ya ɗora a wani wuri da ɗan wahala. Wanda ya gina manhajarsa a kan DynamoDB na Amazon, ko Spanner na Google, ko Cosmos DB na Microsoft, ya sami ƙarfi da sauƙin da wuya ya samu a wani wurin, sai dai ranar tashi zai sake rubuta babban ɓangare na manhajar. Har a kan manhajoji na gama-garin ma, mai haya ba ya samun cikakken iko: ba ya shiga kwamfutar da ke ƙarƙashi, kuma ƙarin kayan aikin da kamfanin ya amince da su kaɗai zai iya ɗorawa.

Akwai kuma tambayar dokar wace ƙasa ce ke hawa kan bayanan. Mai haya yana zaɓar yankin da za a ajiye su, amma dokar CLOUD ta Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai, ta hanyar shari'a, daga kamfanonin da ke ƙarƙashin ikonta ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Wannan ne ya sa wasu gwamnatoci da bankuna suka fi son gina nasu tsarin a cikin gida da OpenStack ko Kubernetes. Ma'aikatansu suna samun rumbu da zarar sun nema, ikon kuma bai bar hannunsu ba. Sai dai tashin dare da gwada kwafi da sabunta siga duk sun dawo kansu.

Ina ruwan wanda bai taɓa ganin rumbu ba?

Duk mai amfani da manhajar banki, ko ta sayayya, ko ta aika saƙo, sunansa yana cikin rumbuna masu yawa, kuma wani kaso mai girma na haya ne. Amfanin da ya samu a fili yake. Ƙaramar sana'a ko ɗalibi mai gwaji yana iya samun kwafin ajiya da kulle bayanai irin na manyan kamfanoni, abin da a da sai mai jari. Sabbin manhajoji suna fitowa da sauri saboda an cire jiran makonni.

Haɗarin kuma ya canza kama. A da kowane kamfani yana faɗuwa shi kaɗai. Yanzu dubbai suna jingine da ginshiƙi guda. Ranar 20 ga Oktoba 2025 wani kuskure a manhajar da ke kula da adireshin DynamoDB a yankin Arewacin Virginia na Amurka ya sa aka kasa samun rumbun, matsalar ta bazu zuwa wasu sassan Amazon, kuma manhajoji irin Snapchat da Signal da wasu bankunan Birtaniya suka sami tangarɗa na awanni. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su taɓa jin sunan DynamoDB ba.

Masu koyo da ƙananan masu sana'a suna da nasu darasin daga tsare-tsaren kyauta. Heroku ya rufe nasa a Nuwamban 2022, har da rumbunan PostgreSQL na kyauta, PlanetScale ma ya bi sahu a 2024, kuma wanda bai kwashe bayanansa ko ya fara biya kafin wa'adi ba ya shiga tsaka mai wuya. Ga ƙwararrun masu kula da rumbu kuwa, aikin bai ƙare ba, ya dai koma wani wuri: ɗora manhaja da canza faifai sun ragu, tsara teburi, rage kuɗi da gwada dawo da kwafi sun ƙaru.

Wani sauyin yana tafe daga ɓangaren masu neman rumbun. Lokacin da Databricks ya sanar da sayen Neon a Mayun 2025 kan kimanin dala biliyan 1, ya ce sama da kashi 80 cikin 100 na rumbunan da ake kafawa a dandamalin, manhajojin ƙirƙirarriyar basira ne ke kafa su, ba mutane ba. Ƙa'idar raba alhaki an tsara ta ne da zaton akwai mutumin da ya zaɓi kwanakin kwafi, ya kuma san wa ya ba makulli, kuma ba ta canza ba: abin da manhajar ta kafa ko ta goge da izinin asusu, yana wuyan mai asusun. A ɓangaren doka kuma, ranar da ake jira ita ce 12 ga Janairu 2027, lokacin da dokar Turai za ta haramta cajin sauya kamfanin gajimare gaba ɗaya. Haramcin ya tsaya ne kan abokan ciniki da ke cikin Tarayyar, kuma bai shafi kuɗin da kamfani zai kashe wajen sake rubuta manhajarsa ba.